Ranar da Na Roƙi Allah Kada Jirgina Ya Tashi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Runka ba za su bari ba. Har yau in na ratsa garin a kan babur sai wani ya ɗaga murya daga rumfar mai shayi, "Direban jirgi, a sauka lafiya!" Ni kuwa in ɗaga hannu in yi yaƙe, in ƙara wuta.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni malamin sakandare ne a Batsari, shekarata arba'in da ɗaya, da mata da 'ya'ya, da furfura ta fara leƙowa a gemu. Abin da nake yi in na sami sarari kuwa shi ne haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. Eh, na roba. A kwali suke zuwa, gutsure-gutsure, sai ka bi takarda kana yankewa, kana gogewa, kana liƙawa da gam, har jirgi ya fito sak irin waɗanda Turawa suka gwabza da su a yaƙin duniya na biyu. A cikin kayan gwanjo na tsinci na farko a Katsina, na saye shi da sunan tsarabar yara. Da na buɗe na ga ƙanƙantar kayan sai na ce ai waɗannan haɗiyewa za su yi, gara in adana. (Ƙarya ce. Tun a cikin mota na san ba zan ba su ba.)

Maiɗakina Hajara ita ta raɗa musu suna "kayan wasan Malam". Ba abin da ke tayar mini da jijiyar wuya kamar wannan suna. In ta zo shara ta ce, "Malam, ɗage kayan wasanka," sai in ajiye hantsaki in gyara zama.

"Hajara, sau nawa zan faɗa miki? Wannan ba abin wasa ba ne. Tarihi ne. Ilimi ne."

"To, ɗage tarihinka zan yi shara."

Haka na yi wa abokan aiki huɗuba a ɗakin malamai, haka na yi wa ƙanena, haka na yi wa mai gyaran agogon da nake sayen ƙananan batura a wurinsa. Duk wanda ya kuskura ya ce abin wasa, sai ya sha karatun rabin awa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A duk yankin nan mutum ɗaya na sani mai irin ciwona, Nura, wani mai gwajin jini a wani asibiti a Safana. A wajen wani taron bita muka haɗu, na hango hoton jirgi a fuskar wayarsa, shi ke nan muka ƙulla abota mai kama da gaba. Shi jiragen Jamus yake haɗawa, masu rawayan hanci. Ni na Ingila, masu fukafukai zagayayyu. Kullum cikin tura wa juna hoto muke ana musu. Ya ce fentina ya yi kauri kamar na ƙofar shago. Na ce inda ya haɗa cikin jirginsa kyankyaso zai shige ba tare da ya sunkuya ba. Ya ce hoto ne ke rufa mini asiri. Ƙarshe muka yanke cewa a ajiye jirgi biyu a kan teburi ɗaya, ido ya yi alƙalanci.

Wata huɗu na yi a kan nawa. Babba ne, faɗin fukafukansa ya kai taƙi biyu. Da abin yanke farce nake cire gutsuren, da tsinken sakace nake ɗiga gam, numfashi ma sai na riƙe in zan ɗora gilashin matuƙi. Na yi masa fenti kore da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare irin na soja, na shafa baƙin tukunya kaɗan a bakin bindigoginsa don ya yi kamar ya sha yaƙi. Da na tsaya nan da lafiya lau. Amma son a sani bai bar ni ba. Na farke wata matacciyar 'yar fankar caji ta Hajara, na cire injinta na cusa a hancin jirgin, na haɗa da batir, na ɓoye maɓalli a ƙarƙashin ciki, yadda in an danna farfela za ta juya. Na ƙara ɗan jan ƙwan lantarki a wutsiya, na ja siririyar wayar tagulla daga baya zuwa tsakiya. Na ce Nura sai ya yi kuka da idonsa.

To, ga inda matsalar take. Daga Batsari in za ka Safana, ta Runka za ka bi. A Runka kuwa surukina yake, mahaifin Hajara. (Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san dalili. Baba nake ce masa.) Mako uku kafin wannan rana san nomansa ya ture shi ya karye a ƙafa, aka yi masa ɗori. Hajara ta hau akori-kura ta je ta kwana biyu ta dawo. Ni fa? Na aika da sukari da sabulu da doguwar gaisuwa, na ce a faɗa wa Baba hanya ce ba ta biyuwa, ma'aikacin gwamnati irina in ya faɗa hannun mutanen daji sai yadda Allah ya yi. Akwai gaskiya a ciki, kowa ya san halin da ake ciki. Amma rabin gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa, ranakun Asabar ɗin nan duk a kan fentin fukafuki suka ƙare.

Da safiyar ranar na ce wa Hajara taron malamai gare mu a Safana. Ta dubi kwalin da nake ɗaurewa a bayan babur, ta dube ni.

"Allah ya kiyaye hanya. Tunda ta Runka za ka bi, ka tsaya ka duba Baba."

"In an tashi da wuri," na ce, ina ta fama da igiya don kada mu haɗa ido.

Wanda bai san hanyoyinmu ba zai yi mamakin shigar da na yi. Mu nan in ma'aikaci zai bi hanyar daji, ba ya sa kaya masu guga, ba ya ɗaura agogo, katin shaidar aiki kuwa a gida ake barinsa, don in tsautsayi ya afka kada a ga alamar mai albashi. Na sa wata tsohuwar riga da nake zuwa gona da ita, na sa silifa, na bar kati a ƙarƙashin katifa. Sannan na ƙara da tawa dabarar: na naɗe fuskata da rawani, ido kawai a waje. Wannan ba don 'yan bindiga ba ne. Don kada wani daga dangin Hajara ya gane ni ina wucewa ta ƙofar garinsu ne. Na dubi madubin babur na yaba wa kaina. Wallahi ko uwata ba za ta shaida ni ba.

Tafiya ta yi daɗi har zuwa bakin Runka. Kaka ce, gero a ɗaure dami-dami a gonaki, akori-kura na wucewa da buhuna. Sai na hango gungumen icce a gicciye a kan hanya, 'yan sa-kai kusan takwas a tsaye da bindigogin harba-ka-ruga, riguna sun sha layu. Ban damu ba, ai don tsaronmu suke yi. Na tsaya na yi sallama da murya irin ta mutumin kirki.

Shugabansu, wani dogo mai jajayen idanu kamar bai runtsa ba, ya dubi rawanin, ya dubi kwalin.

"Buɗe fuska. Mi ke cikin kwalin nan?"

"Kayan makaranta ne, ranka ya daɗe."

"Kai malami ne? Ina katinka?"

Na laluba aljihu kamar ban san inda na bar shi ba. Wani gajere a cikinsu ya riga ya kwance igiya, ya ɗaga tsumman da na lulluɓe jirgin da shi. Ga jirgin yaƙi da fentin soja, da bindigogi a fukafuki, da waya a baya. Ga kuma takardar haɗawa a gefe, cike da kibiyoyi da lambobi da rubutun da ba Hausa ba, ba ajami ba.

"A hankali don Allah, kada ka riƙe ta farfela," na ce. (Ku ji fa. Ana shirin halaka ni, ni ina ta farfela.)

Gajeren ya ciro shi ya juya cikinsa, babban yatsansa ya sauka daidai kan maɓallin da na ɓoye. Farfela ta ɗauka, fiiiii, jan ƙwan wutsiya ya kama.

Kai jama'a! Gajere ya dire shi a kan sirdin babur ya yi tsalle baya. Wata mai tallar awara ta watsar da faranti. Fasinjojin wata akori-kura da ke bayana suka dira ta ko'ina, kowa ya yi ta kansa. Kafin in ce wani abu na ji an fizge ni an zaunar a ƙasa, bakin bindiga biyu na kallona. Wani ya yi ihu, "Irin jirgin nan ne mara matuƙi! Da shi ake leƙa musu gari!" Wani daga baya ya faɗi kalmar da nake tsoro fiye da bindigar: "Infoma ne!"

Wanda ba ɗan yankin nan ba ba zai gane nauyin kalmar nan ba. Infoma shi ne na gida mai kai wa ɓarayin daji labari, wa ya sayar da shanu, wa ya dawo daga birni, ta ina ake shiga gari. In aka liƙa wa mutum wannan suna, ko ya tsira da ransa a ranar, ba ya goguwa. Ba shi kaɗai ba, har 'ya'yansa. Kuma ban ga laifinsu ba. Mutanen nan sun binne nasu, sun kwana a tsaye, ga wani ya zo fuska a rufe, ba kati, da jirgi mai juya farfela. Ni kaina da ni ne a tsaye a wurin da na ce a ɗaure ni.

Gumi ya karyo mini har cikin ido. Na ce a bar ni in kira abokina a Safana. Aka miƙo mini wayata, babu sabis ko ɗigo. Dogon ya karɓe ta ya shiga hotuna. Me zai gani? Jirgin yaƙi, jirgin yaƙi, jirgin yaƙi, hoton Hajara guda ɗaya, jirgin yaƙi.

Ya tsuguna a gabana, ya yi magana a hankali, wadda ta fi tsawa ban tsoro.

"Malam, ba mu son zaluntar kowa. Jama'a na taruwa, kuma ba kowa ke jin maganata ba in rai ya ɓaci. Tambaya ɗaya zan yi maka. Duk garin nan, wa ya san ka?"

Na shiga uku. Amsar tana bakina, gidan ma ga rufinsa can ina hangowa bayan wata kuka. Amma in na faɗa, mutumin da na ce wa hanya ba ta biyuwa za a ɗauko da karyayyar ƙafa ya zo ya same ni a kan hanyar. In na yi shiru, na tabbata infoma. Allah ya gani, na yi kusan minti ɗaya ina auna wanne ya fi sauƙi. Sai da na ga wani yana laluben igiya sannan bakina ya buɗe. Sunan Baba ba zai faɗu ba ko a wannan hali, sai na yi kwatance: gidan da ke bayan kuka, dattijon da sa ya karya.

"Mi ye haɗinka da shi?"

"Surukina ne."

Wani ya yi tsaki. "Ƙarya yake! Surukin Alhaji malami ne mai mutunci, a Batsari yake."

Ban taɓa jin yabo mai ciwo irin wannan ba.

Aka tura wani da babur ya ɗauko shi. Jiran nan bai fi minti goma ba, amma na karanta duk addu'ar da na sani har na koma kan ta shiga kasuwa. Can sai ga su tafe a hankali, Baba a baya, ƙafar ɗorin a miƙe an naɗe ta da kara da tsumma, sanda a hannu. Mutum biyu suka tallafe shi ya sauko. Na ga yadda ya cije leɓe da ƙafar ta taɓa ƙasa, kunya ta rufe ni har na manta da bindigogin. Aka kawo masa benci. Na tuɓe silifa, na rarrafa na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Ya iyali? Ya makaranta?" Ya ɗan dakata. "Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba," na ce da wata murya da ban san ina da ita ba.

Dogon ya rusuna. "Alhaji, ka san wannan?"

Baba ya daɗe yana kallona, tun daga rawanin da ke rataye a wuyana har zuwa rigar gona. "Ya yi kama da wanda na ba ɗiyata. Sai dai shi wancan an ce mani ba ya iya biyo hanyar nan." Ya nuna jirgin da sanda, farfelarsa har lokacin tana juyawa. "Mi ne ne wanga?"

Na buɗe baki in ce tarihi ne, ilimi ne. Na dubi fuskokin da suka kewaye ni, na ga ba wanda ya zo ɗaukar darasi. Kalma ɗaya ce za ta fitar da ni, kalmar da na yi shekara uku ina yaƙi da ita.

"Abin wasa ne, Baba."

"Na jikokina?"

"A'a."

"To na wa?"

"Nawa ne."

"Ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

"Abin wasa ne, Baba! Nawa ne! Ni nake wasa da shi!"

Na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce daga cikin taron, aka yi saurin danne ta. Dogon bai yi dariya ba. Ya ce da girmamawa, shaida an ji, amma abin nan yana da inji, yana da waya, kuma shi amanar gari ke wuyansa. Wa ya tabbatar ba ya tashi? Na rantse ba ya tashi. Ya ce to mene ne amfaninsa? Na ce kallo. Ya ce kallo kawai? Na ce sai kuma a gwada da na wani a Safana a ga wanda ya fi kyau. Kowace amsa na bayar sai in ji na ƙara raguwa.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. "Abin ai ba wuya. Ku ba shi, ya jefa shi sama da hannunsa. In ya tashi, ku riƙe shi, ba ni ba shi. In ya faɗo, ku ba ni surukina."

Aka buɗe fili. Aka miƙo mini aikin wata huɗu. Na miƙe ba takalmi. Na san roba ce, na san nauyinsa, na san ba zai tashi ba. Amma tsoro ba ya lissafi. Na tuna injin fankar nan da ƙarfinsa, na ji iska tana kaɗawa daga gabas, na ce yau in shaiɗan ya tallafe shi fa? Na runtse ido na ce, ya Allah, ka kayar da jirgin nan. Na yi bisimilla na wurga.

Wallahi sai da ya ɗan yi shawagi. Iska ta shiga ƙarƙashin fukafukan, ya miƙe sak, hanci gaba, rana ta haska gilashin. (Kuma don ku san irin mutumin da ke ba ku labari: a cikin wannan tsoron, wani lungu na zuciyata cewa ya yi, kash, da Nura na nan.) Sai ya karkata, ya juyo da kai ƙasa, ya daki titi. Fuffuke ɗaya ya yi gabas, farfela ta gangara ƙarƙashin akori-kura, batir ya faɗo yana birgima. Ɗan matuƙin roban da na yi kwana biyu ina zana wa gashin baki ya faɗo a gaban takalmin dogon.

Ya ɗauka, ya kai kusa da ido, ya juya shi. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Daga nan wuri ya ɓarke. Har mai awara, da take tsince awararta daga ƙasa, sai da ta zauna ta riƙe ciki.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gaya maku. Infoma shina da wayo. Wanga nawa ne, ku kama mani mu tafi."

Ni na tura babur a ƙasa ina bin su a baya, kwalin tarkace a kan sirdi, rabin gari na rakiya da ido. A zaure aka kawo mini fura, na kasa ko kallon ƙwaryar. Baba ya sa aka miƙo masa karyayyen fuffuken. Ya shafa fentin da yatsa, ya duba inda na haɗa, ya nema bai ga tsaga ba.

"Aikin ya yi tsabta. Kwana nawa ka yi?"

"Wata huɗu, Baba."

"Wata huɗu." Ya gyaɗa kai. "Ashe kana da haƙuri." Ya ajiye shi a kan tabarma, ya gyara ƙafar ɗorin da hannu biyu. Ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. "Sukarin ya iso, an gode. Amma ni ba na shan shayi, ɗana. Duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar gida sai in ce a duba ko kai ne."

Na kafa ido a tabarma har zanenta ya fara narkewa.

Labari ya riga ni isa Batsari. Hajara ta ajiye mini abinci, ta koma bakin ƙofa, sannan ta ce, "Malam, ya taro?" Nura kuwa da ya ji, ko jaje bai yi ba, ya ce tunda jirgin Ingila ya faɗi kafin ya iso fagen daga, Jamus ta ci.

Yanzu duk Asabar biyu ina Runka, fuska a buɗe. Na liƙe jirgin, fuffuke ɗaya a karkace, yana kan tagar zauren Baba. Duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa da sanda ya ce, "Aikin surukina ne. Kada ka ji tsoro, ba ya tashi."

Abin da na koya bai da yawa. In ka ce wa dattijo hanya ba ta biyuwa, to kada ka bi ta da kwali. In kuma matarka ta ce abu abin wasa ne, ka amsa mata tun a ɗaka, murya ƙasa-ƙasa. In ka ƙi, za ka faɗa a bakin titi, ba takalmi, a gaban mahaifinta, kuma sai an ce ka ƙara murya.